Maganin kwalba na tankin kifi: yana aiki kuwa ko kuɗina kawai aka ci?

ɗan_Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu kiwon kifin ado a gida ku nake nema, abu ya ɗaure min kai. Yau kwana 11 kenan da na sayi tankin gilas mai ƙafa 2, mai shagon ya ce lita 54 yake ci, ɗiyata ce ta hana ni sakat tun ranar da ta ga irinsa a gidan ƙawarta, na ce to in ta haɗa izu 5 zan saya mata, ta kuwa haɗa. Na haɗo da ɗan filta mai soso da tsakuwa da golfish 4 da gufi 6, har zan fita sai mai shagon ya ɗauko wata ƴar kwalba ya ce bakteriya ce a ciki amma masu amfani, in na zuba yau yau ɗin nan zan iya sa kifi ba sai na jira komai ba. Sidi 150 na ba shi.

Na dawo gida na cika tanki da ruwan famfo na juye maganin, bayan magariba na saki kifi. Kwana 2 lafiya lau. Rana ta 3 ruwa ya yi fari kamar ruwan wankin shinkafa, sai na ɗauka datti ne na ciro soson na wanke shi tas a famfo na mayar. Rana ta 6 golfish ɗaya ya mutu, shekaranjiya gufi 2 suka bi shi, yanzu sauran duk suna sama suna ta buɗe baki kamar masu haki, alhali filta na aiki kumfa na tashi. Yarinya sai kuka. Abinci kam ba sa rasawa, ita kanta tana ba su kamar sau 4 a rana, ƙannenta ma in sun wuce sai sun watsa.

To tambayata, maganin nan na kwalba gaskiya ne ko yaudara? In ƙaro wata kwalbar ne ko in kwashe komai in wanke in sake sabon lale?

Mai_tarwada ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanena an ci kuɗinka, ka yi haƙuri. Shekarata 9 ina kiwon tarwada a bayan gida a Sawaba ban taɓa sayen wata bakteriya ba, irin maganin nan ne na cikin mota da mai talla zai ce yana maganin basir da ciwon baya da mugun mafarki duk a kwalba ɗaya. Maganin ruwan kifi ɗaya ne, canji. Ka zubar da rabi yanzun nan ka zuba sabo, sannan ka ƙwace gwangwanin abincin daga hannun yara.

Ticha_Tafo ya rubuta:

Alhaji Mai tarwada rabin maganarka daidai ne, canjin ruwa da rage abinci su ne za su ceci kifin nan a yau, amma batun kwalba ba haka kawai yake ba. Ɗan Aboabo ka ɗan yi haƙuri da ni zan yi tsawo, aikin koyarwa ya ɓata ni.

Kar ka kwashe komai ka wanke, shi ne mafi munin abin da za ka yi yanzu.

Abin da ke kashe maka kifi ba ka ganinsa da ido. Kifi yana fitar da amoniya kullum, mafi yawa ta wajen numfashinsa na gefen kai, ga kashi, ga ragowar abinci da ke ruɓewa a cikin tsakuwa shi ma amoniya yake komawa. A tafkin Bosomtwe ko Volta ruwa ya yi yawa ba ya ko jin ta, amma a lita 54 kamar ka hura gawayi ne a ɗaki ka kulle ƙofa da taga. Kuma zafin garinmu yana ƙara mata dafi, iyakar ɗumin ruwa da hawan pH ɗinsa, wato raguwar tsaminsa, iyakar yadda take ƙona kifi.

Masu kwashe wannan dafin wasu ƙananan halittu ne, mu a Hausa duk ƙwayoyin cuta muke ce musu amma waɗannan ba cuta suke kawowa ba. Kashi na farko su cinye amoniya su mayar da ita naitirait, wato NO2, ita ma guba ce, tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iskar oksijin har jinin ya koma ruwan ƙasa, shi ya sa kake ganin suna haki a sama alhali kumfa na tashi, iskar na nan jinin ne ya kasa ɗauka. Kashi na biyu su mayar da ita naitiret, NO3, wadda ke da sauƙi sosai, ita ce kake ragewa da canjin ruwa duk sati. Sunayen biyu sun yi kama, ɗalibaina ma kullum sai sun haɗa su, ka riƙe dai mai 2 ita ce muguwar. Idan kashin biyu suka yi yawan da za su cinye duk abin da kifinka ke fitarwa a rana, to tanki ya nuna, abin da masu harkar ke ce ma saikilin kenan.

Matsalar ita ce nawarsu. Bakteriyar da ke lalata maka miya tana iya ninka kanta cikin minti 20, waɗannan kuwa sai su kusa kwana guda kafin ɗaya ta zama biyu, shi ya sa sabon tanki in an bar shi da kansa yake ɗaukar sati 4 zuwa 6, wani har 8. Kuma ba a cikin ruwa suke yawo ba, manne suke a jikin soso da tsakuwa da gilas. To ka ga ranar da ka kai soson nan famfo ka dirje shi, ɗan abin da ya fara kamawa kulorin, maganin da ake sa ma ruwan famfo, ya gama da shi. Farin da ka gani kuwa wata bakteriyar ce daban mai saurin yaɗuwa, tana cin dattin da ke yawo a ruwa, kusan duk sabon tanki yana yin haka kuma da kansa yake washewa cikin ƴan kwanaki. Sannan ban ga inda ka ce ka sa maganin kashe kulorin kafin ka juye kwalbar ba. In ruwan famfo ka tara kai tsaye daga layin Barekese ko Owabi ka juye a kai, to ko kwalbar na da rai a lokacin ka ba ta wuya.

Yanzu ita kwalbar. Dabarar gaskiya ce, daidai take da yadda iyayenmu Fulani ke ɗiga tsohon nono a sabuwar madara don ta yi saurin kwana. Tun wajen 1890 wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya gano waɗannan halittun a cikin ƙasa, aka daɗe ana ɗauka Nitrobacter ce ke yin aiki na biyu a tankin kifi, kwalaben farko ita ake zubawa, mutane suka yi ta ƙorafin ba ya aiki. Sai a 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka suka bincika filtocin tankunan ruwan daɗi suka tarar ashe Nitrospira ce ke wajen. Daga wannan binciken aka samo Bio-Spira, daga baya Tetra SafeStart da Dr Tim's One and Only. A 2015 ma aka gano akwai Nitrospira da ke yin aikin biyu ita kaɗai, amma wannan na aji ne.

Inda gizo ke saƙa a wajenmu shi ne abu mai rai ne a cikin roba. Ka yi tunanin hanyar da ya biyo, kwantena a kan teku, ya zauna a tashar Tema cikin rana, mota ta kawo shi Kumasi, ya hau kanta a shagon da rufin kwano ke gasa shi wata da watanni. Akwai ma irin da kamfanin da kansa ya ce a firji za a ajiye, kamar FritzZyme TurboStart. Mai rai da matacce kuwa duk kama ɗaya suke a ido. Don haka ni ba na ce ma kowa kar ya saya, amma ina cewa duba ranar ƙarewar wa'adi, duba inda aka ajiye ta, kuma kar ka yarda da ita sai gwajin ruwa ya ba ka shaida.

Abin yi yau: canja rabin ruwa da wanda ka sa ma maganin kulorin, gobe ma haka. Abinci sau ɗaya a kwana 2, abin da za su cinye cikin minti ɗaya, kifi ba ya mutuwa da yunwar kwana 2. Narka rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri a kofi ka zuba, gishiri yana tare naitirait daga shiga jini, golfish da gufi duk suna jure shi. Kuma kuɗin da za ka sa a kwalba ta biyu ka kai shi wajen kayan gwajin ruwa.

ɗan_Aboabo ya rubuta:

Innalillahi, ashe ni na kashe su da hannuna ina ganin tsafta nake yi. Maganin kulorin kam wlh ba wanda ya ce min komai a kansa. Na gode Ticha Allah ya ƙara ilimi. Na canja rabi, na ɗibo daga duron da ya kwana 3 a tsakar gida tunda ban samu maganin ba tukuna, ko hakan ya yi? Gwangwanin abinci yana saman wadirob yanzu Alhaji, an yi rigima amma an wuce wajen.

Hajiyar_Nima ta rubuta:

Sannunku mutanen Kumasi, daga Ankara babban birnin Ghana nake bin ku. Ƙanena ruwan da ya kwana 3 a buɗe in kulorin zalla ne ya tashi, mu nan da ruwa ke zuwa jefi jefi muna tarawa a politanki kusan kullum haka muke yi, amma akwai irin da ake haɗa kulorin da amoniya shi ajiyewa ba ta korarsa, don haka ka nemi maganin dai hankalinka ya kwanta. Ba ya ƙarewa da wuri, Seachem Prime da nake amfani da shi murfi ɗaya mil 5 na lita 200 ne, naka tankin wajen kwatan murfi ne, kuma kamfanin ya ce yana ɗaure amoniya na kwana ɗaya zuwa biyu kafin bakteriya ta cim mata.

Alhaji Mai tarwada ka yafe ni amma ban yarda da kai ba, ni kwalba ta yi min aiki. Tankuna 2 gare ni, na farko na yi shi ba kwalba ba kifi, abincin kifi kawai nake ɗan watsawa ya ruɓe ina gwadawa, sai da na haura sati 5 kafin komai ya sauka sifili, har maigida ya fara tsokanata wai ruwa nake kiwo. Na biyu ƙanwata ce ta zo min da kwalba daga Landan a jakar hannunta, ba ta sha rana ba, na yi daidai yadda na yi na farko, kwana 12 ya nuna. Daga baya na sayi wata a nan gari don tankin maƙwabciyata, wannan kam ko ruwan fiya wata muka zuba sakamakon ɗaya ne, sati 5 cur. To ka ga duka biyun na gani da idona, maganar Ticha ce, ya danganta da wuyar da kwalbar ta sha kafin ta iso hannunka.

Kuma mutane ba sa karanta jikin kwalba. Kowanne da tsarinsa, kwalbar Stability alal misali ba juyewa ake yi sau ɗaya ba, kullum ake zubawa har kwana 7. Sannan ko wacce iri ce sai ta samu abin ci, in ka zuba a tankin da ba kifi ba amoniya ba komai ka tafi ka bar shi to me za ta ci.

Abin da ban ga an ambata ba shi ne wuta. Halittun nan da iska suke rayuwa, in dumso ta zo, wato an ɗauke wuta, filta ya tsaya awanni masu yawa ruwan cikinsa ya ƙare da oksijin sai su fara mutuwa, musamman filta mai rufaffen akwati, ranar da wuta ta dawo ya feso maka ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai cikin tanki. Ya taɓa faruwa da ni mun je biki Madina mun kwana, ban so tunawa. Yanzu ina da ɗan famfon iska mai batir, irin na masu kamun kifi, wuta na ɗaukewa nake jona shi da soson. In babu, ciro soson ka bar shi a cikin tankin kusa da sama, lokaci lokaci ka ɗebi ruwa da kofi ka kwararo daga sama.

Sai gaskiyar da mai shago ba zai faɗa maka ba, golfish 3 sun fi ƙarfin lita 54. Yanzu ne suke ƙanana, suna haura santimita 15, ga ci ga kashi kamar awaki, kuma asalinsu ruwan sanyi suka fi so. Ka mayar masa ko ka ba mai babban tanki, ka bar ma yarinya gufi, su ne daidai da zafinmu ba ruwanka da hita.

Mai_tarwada ya rubuta:

To Hajiya na ji, wanda ya zo daga Landan a jakar hannu ai ba shi ɗan Aboabo ya saya ba, hhh. Ni dai tarwada ta sangarta ni, tana da abin shaƙar iska daga sama, ruwan da zai kashe golfish ita ko a jikinta. Amma in bakteriya ake nema ai gidana ne kasuwarta, ƙanena zo da galan in ɗebo maka ruwan kududdufina da laka kyauta.

Ticha_Tafo ya rubuta:

A'a Alhaji, Allah ya saka da alheri amma kar a yi haka. Ruwan kansa ba ya ɗauke da abin kirki tunda manne suke, lakar kuwa tana da su amma tana iya zuwa da tsutsa da cutar da tarwada ta saba da ita gufi bai saba ba. Sai dai ka taɓo ainihin maganin da ya fi kowace kwalba a garin nan, wato tsohon soso daga tankin da ya daɗe kuma kifinsa lafiya lau. Wannan ba kwantena ba Tema, daga ruwa zuwa ruwa.

Ɗan Aboabo ina da soso 2 a babban tankina, sun fi shekara a ciki kuma rabona da ganin ciwo a tankin an daɗe. Zan yanka maka rabin ɗaya. Mu haɗu bayan sallar Juma'a a ƙofar babban masallaci, zan ƙulla shi a leda da ruwan tankin da iska a sama kamar yadda ake ƙulla kifi, kai kuma ka wuce gida kai tsaye kar ka tsaya hira ko cin waake, kar ya bushe kar ya sha rana. Ka tura shi cikin filtarka kusa da sabon, kar ka wanke duk da zai yi maka kama da abin da aka tsamo daga kwata, wannan ruwan ƙasa ƙasan shi ne kayan. Nan gaba in soso ya toshe, a cikin bokitin ruwan da ka ciro daga tanki za ka ɗan matsa shi sau 2 ko 3 shi kenan.

Zan zo maka da kayan gwajina aro na sati 2, na ɗigawa ne na kamfanin API. Amoniya in rawaya ce sifili kenan, in ta juya kore akwai ta. Naitirait shuɗi mai haske sifili, in ta koma shunayya to canja ruwa a ranar. Naitiret kuma daga rawaya take tafiya ruwan lemo zuwa ja, ita sai ka girgiza kwalba ta biyu sosai kafin ka ɗiga in ba haka ba ƙarya za ta yi maka. Ranar da biyun farko suka zauna sifili kwanaki a jere ta ukun na hawa a hankali, tanki ya nuna.

Ka gwada pH ma. In wata rana ka koma ruwan rijiya ko bohol ka ga ya yi ƙasa da 6, aikin bakteriyar yana kusan tsayawa cak, kuma ita kanta tana ƙara ma ruwa tsami tana aiki. Ɓawon adode ɗin nan, ɗan halittar ruwa mai ɓawo da ake kawowa daga Ada, ka wanke ka tafasa ka daddaka ɗan kaɗan ka sa a filta, yana hana ruwan yin tsami.

Hajiyar_Nima ta rubuta:

Ticha da a Ankara kake da na zo layin soso nima. Ƙanena ka ji fa, ban da waake.

ɗan_Aboabo ya rubuta:

Salam jama'a na dawo da rahoto, yau kwana 9 da karɓar soso. Ticha Allah ya biya ka, mutumin nan har da ƴar takarda ya rubuto min. Ranar Juma'ar da na gwada, amoniya kore ce shar naitirait kuwa shunayya kamar an jiƙa rini, gabana ya faɗi. Na yi ta canjin ruwa kullum da jarka, maman yara tana cewa ko jariri bai samu wannan hidimar ba. Rana ta 4 amoniya ta koma rawaya, naitirait ta yi taurin kai sai shekaranjiya ta zama shuɗi, jiya shuɗi yau ma shuɗi, naitiret ta fara ruwan lemo. Gufi ɗaya ya ƙara mutuwa washegarin Juma'ar, daga shi ba a sake ba. Golfish ɗin na kai ma wani abokin aikina mai tanki ƙafa 4, yarinya ta yi fushi na kwana ɗaya.

Kwalbar nan na ɗauko ta daga bayan talabijin na duba ƙasanta da tocilan waya, saura wata 1 wa'adinta ya ƙare, takardar jikinta ma ta koɗe ta gefe ɗaya alamar ta daɗe tana kallon rana. Ban koma shagon ba, tunda ni ma na zuba ta a kulorin na kuma wanke soso, ban san wa zan kama ba.

Wata sabuwa kuma, da asuba yarinya ta tashe ni wai akwai sauro a cikin ruwa, na haska sai ga ƴan mitsi mitsin kifi a ƙasan tsakuwa, mun ƙirga 11, ashe gufi haihuwa take yi ba ƙwai ba. Yanzu na dawo daga aiki na ƙirga 7, kuma da idona na ga uwar ta bi ɗaya da gudu. Hajiya, Ticha, in raba su ne, kuma in na sa su a wani bokiti daban ba sai na sake wannan saikilin ɗin daga farko ba?